Baƙin dutse mai farar jijiya: a gwada kafin a zuba jari

 

Tun daga shekarar 2014, lokacin da labarin zinariyar Jado da ta Cibarkaten ya game ƙasa, dutse ya shiga sahun hajar kasuwa a Adar. Samarin da suka saba tafiya bida Abijan ko Libiya, da yawansu sun juya akala zuwa arewa, kuma wanda ya komo gida, ko bai zo da kuɗi ba, da wuya a rasa ɗan ƙullin duwatsu cikin jakarsa. Daga nan idon mutane ya buɗe, makiyayi da manomi kowa ya fara duban abin da ƙafarsa ke takawa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi arziki. Laifin shi ne a ɗora dukiyar iyali a kan abin da ba a san ko mene ne ba.

Wata tambaya ta zo mana daga Sabon Gida ta Madawa, daga hannun wani mai fataucin albasa. An kawo masa dutse baƙi wuluk, mai nauyi, girman dunƙulen hannu, da farin layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, ga kuma ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa masu ƙyalli a jikin layin. Mai kawowa ya ce a kan tudu kusa da gari aka tsinto shi, dutsen aman wuta ne, kuma farin layin jijiyar zinariya ce, abin da ya rage a sami mai kuɗi ya ɗauki nauyin masu haƙa. Wasu kuma a kasuwa suka ce ai daga sama ya faɗo, Turawa na sayen irinsa da miliyoyi. Maganganu uku ke nan: aman wuta, zinariya, dutsen sama. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙasar Adar gindin teku ce

Kafin a tambayi dutse sunansa, sai a tambayi ƙasar da aka ce ta haife shi. Madawa da Buza da Keita duka suna cikin wani babban kwari da masana ƙasa ke kira kwarin Iwillimidan, wanda ya miƙe daga Mali ya ratsa Nijar har zuwa Sakkwato. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan teku ne ke kwance a wannan wuri. Shi ya bar mana farar ƙasa da laka da yumɓu jere bisa jere, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata kan wata. Shaida tana nan a fili: tun 1903 aka kai wa masana a Faransa labarin ƙwaryar halittun teku da suka zama dutse, waɗanda aka tsinto a Tamaske, kuma har yau yara na tsintar irinsu a gindin tuddai. Taswirar duwatsun Nijar da Greigert da Pougnet suka fitar cikin shekarun 1960 ta nuna wannan tsari dalla-dalla. Babu dutse mai aman wuta a Adar, ko raye ko macce.

To, baƙin da ke rufe kan tuddanmu fa? Wannan marmara ce da dutsen tama, wato yashi da laka da tsatsar ƙarfe ta ɗaure su bayan teku ya janye. Rana da iska da raɓa na dubban shekaru suka shafa musu baƙin fenti mai sheƙi a waje. Su ne duwatsun da matan Adar suka yi ta ɗauka a ka suna jera gandari a zamanin aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984. Wanda ya fasa ɗaya zai ga cikinsa ja ne ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ƴan ƙwayoyi kamar na gero a manne da juna.

Akwai kuma abu na biyu mai ruɗin ido, wato kashin maƙera. Adar ƙasar maƙera ce da suka daɗe suna narka tama a rahoniya, har wata mai bincike Bafaransa, Nicole Échard, ta ɗauki aikinsu a fim cikin shekarun 1960. Dattin da ke fita daga narkar tama baƙi ne, mai nauyi, mai huje-huje, wani sashe nasa kamar gilas, da alamun kwarara a jikinsa. Ya yi kama ƙwarai da abin da dutse mai aman wuta ke fitarwa, don shi ma wuta ce ta narka shi. Amma kama da wane ba ta wane. Wutar zuga-zugi ce, ba ta cikin ƙasa ba.

Inda dutsen wuta yake

Dutsen aman wuta na gaskiya, wanda masana ke kira bazalt, narkakken dutse ne da ke fitowa daga cikin ƙasa da zafin digiri 1100 zuwa 1200. Da yake yana hucewa da sauri a sarari, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma, shi ya sa cikinsa ke zama sumul, baƙi ko toka-toka mai duhu, ciki da waje launi guda. A Nijar, gidansa shi ne Azbin: a kudancin duwatsun, wajen Todra da kewayen Bagzan, akwai tsofaffin bakunan aman wuta da baƙin dutsen da ya malala daga cikinsu. A Munyo, wajen Gure, akwai wasu duwatsun wuta, sai dai mafi yawansu ja-ja ne ko masu haske. A Liftako kuma, yamma da kogin Kwara, akwai tsohon bazalt mai shekara fiye da miliyan 2000, wanda zafi da matsi suka mayar da shi kore-kore mai duhu.

Saboda haka idan aka ga bazalt na gaskiya a Sabon Gida, baƙo ne, wani ya ɗauko shi. Ko mai komowa daga haƙar zinariya, ko direban babbar mota, ko kuwa mutanen da, waɗanda ke safarar duwatsu masu tauri don yin makami. Abin nan da muke kira gatarin aradu, mai santsi da baki kamar na gizago, aikin hannun mutanen zamanin dutse ne, kuma sau da yawa daga nesa aka zo da dutsensa. Duk wanda ya nuna maka bazalt ya ce daga tudun bayan gari ya fito, to, ko dai an ruɗe shi, ko shi ke son ruɗin ka.

Ita jijiyar

Jijiya, wadda masu haƙa ke ce wa filon, tana samuwa ne idan dutse ya tsage, ruwa mai ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi tsagar, ya yi ta ajiye kayansa har ta cika ta toshe. Ke nan jijiya ƙanwar dutse ce, bayansa ta zo. Farar jijiya iri uku ce aka fi gani. Akwai ta dutsen ƙanƙara, wanda ake kira kwarz; akwai ta farar ƙasa da ta zama ƙyalli, wato kalsit; akwai kuma ta jifs. Zinariya, inda take, ta fi zama cikin ta farko, kuma cikin tsofaffin duwatsu na asalin ƙasa. Shi ya sa ake samun ta a Koma Bangu, inda aka soma haƙa bayan farin 1984, da Samira, inda kamfani ya buɗe mahaƙa a 2004, da Azbin da Jado, da kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa. A duk waɗannan wurare tsohon dutsen ya leƙo sarari. A Adar kuwa yana can ƙasa, ɗaruruwan mitoci na laka da yashi da farar ƙasa sun danne shi. Farin layin da ake gani cikin lakar tuddanmu jifs ne ko kalsit. Kuma ko a inda kwarz yake, mafi yawan jijiyoyinsa fanko ne, babu ko ƙwayar zinariya.

Gwaji shida da kayan gida

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba a bukatar injin Turai don kawar da mafi yawan ruɗu. Ga abin da kowane mai shago zai iya yi a zauren gidansa.

Na ɗaya, a fasa gefen dutsen da guduma, a kare ido, a dubi sabon wurin da rana. Bazalt baƙi ne har zuciya. Marmara da tama ja ne ko ruwan ƙasa a ciki. Kashin maƙera kuwa ga huji ga ƙyallin gilas. Mai talla da ya hana a fasa dutsensa ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, a goga dutsen a gindin kofin tangaran, inda ba shi da santsi, ko a bayan karo. Dutsen tama yana barin jan layi ko ruwan ɗorawa mai duhu, kamar tsatsa. Bazalt toka-toka yake bari, ko ya ƙi barin komai.

Na uku, gwajin tauri. Tun 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa ga wanda ke kartar wani. Jifs 2 ne, farce ma yana kartar sa. Kalsit 3 ne, farce ba ya iyawa amma wuƙa tana shiga cikin sauƙi. Kwarz 7 ne, wuƙa ba ta kama shi, shi ne ma ke kartar kwalba. Da farce da wuƙa da kwalba ke nan an rarrabe jijiyoyin nan uku.

Na huɗu, a kankaro ɗan gari daga jijiyar a ɗiga masa ruwan lemun tsami ko binegar. In ya yi ƙananan kumfa, kalsit ne. Kwarz ba ya ko motsi. Kada a taɓa ruwan batir, yana cin fata yana makantarwa.

Na biyar, a ɗaure mayen ƙarfe da zare a kusanto shi. Bazalt yakan ja shi kaɗan-kaɗan, don akwai ƴan ƙwayoyin ƙarfe a cikinsa. Mafi yawan duwatsun da ke faɗowa daga sama suna jan sa da ƙarfi.

Na shida, nauyi. A auna dutsen a sikeli, sa'an nan a tsoma shi cikin mazubi mai ma'auni a ga yawan ruwan da ya ɗaga. A raba giram da mililita. Dutse mai giram 300 da ya ɗaga mililita 100 ya ba da 3, kuma nan ne bazalt yake. Farar ƙasa ba ta kai 3 ba. Dutsen sama na zallar ƙarfe yana tsakanin 7 da 8. Zinariya tsantsa ta zarce 19, abin da ya sa ɗan ƙanƙanen gutsurenta ke ba hannu mamaki.

Saura ɗigo-ɗigon nan masu ƙyalli, waɗanda su ne ke kwashe hankalin mutane. Mafi yawan lokaci pirit ne, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai siffar ƙananan akwatuna. A sa bakin allura a danna. Zinariya tana lotsawa kamar dalma, ba ta fashewa, kuma in an goga ta a tangaran layinta ruwan zinariya ne. Pirit yana da tauri, in an buga shi sai ya dagargaje, layinsa baƙi-baƙi. In kuwa abin yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, wannan mika ne, ba shi da nauyi ko kaɗan. A sani kuma, tsohuwar dabarar ƴan damfara ce a barbaɗa garin zinariya na gaske cikin tsagar dutse ko cikin ƙasar da za a wanke a gaban mai saye. Don haka samfurin da za a gwada, mai kuɗi ya ɗebo shi da hannunsa, daga wurin da ya zaɓa da kansa.

Maganar dutsen sama

Wannan magana ba tatsuniya ba ce, shi ya sa take da haɗari. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Bincike ya nuna bazalt ne daga duniyar Mirrihi, wadda Turawa ke kira Mars, kuma yana da jijiyoyi, amma baƙaƙe ne sirara kamar zare, na dutsen da ya narke saboda ƙarfin karo. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani irinsa a jihar Agadas, mai kusan kilo 25, wanda aka yi wa lamba NWA 16788. A watan Yuli 2025 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300. Hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasa, suka kuma ba da umarnin dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

Amma a lura da wannan: dutsen sama ba ya zuwa da farar jijiyar kwarz. Alamarsa ita ce siririyar baƙar fata a waje, kamar ɓawon ƙonannen tuwo, wadda zafin shigowarsa cikin iska ya yi masa, cikinsa kuwa ya fi wajensa haske. Ke nan farin layin nan da ake taƙama da shi, shi ne babbar shaidar cewa dutsen ɗan ƙasa ne. Mai talla ba zai ci riba biyu ba: in jijiyar zinariya ce, ba daga sama ya zo ba, in daga sama ya zo, babu jijiyar zinariya.

Abin da ya fi kuɗi

Asarar jari ita ce mafi sauƙi cikin abin da ke biyo bayan kuskuren sanin dutse. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin yankin Ɗan Isa, mutum 18 aƙalla suka rasu. Ƙasar Adar kuwa, da lakarta mai kumbura in ta sha ruwa, ba ta riƙe rami marar tokari. Wanda ya biya samari su shiga irin wannan rami don neman abin da babu, ya sayi alhaki da kuɗinsa.

Sa'an nan ga guba. A 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya gida ana daka su ana niƙa su, alhali suna cike da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida ta shiga abinci da hannun yara. Ma'adinin dalma, mai suna galen, launin toka ne mai ƙyalli kamar sabon ƙarfe, mai nauyi, yana fashewa murabba'i-murabba'i. Shi ne dai dutsen tozali da muka sani a kasuwa. Duk jijiyar da aka ga irinsa a ciki, kada a daka ta a turmin gida, kada a kai ta injin niƙan hatsi, kada a bar yara su yi wasa da ita. Haka zaiba da ake kama garin zinariya da ita: hayaƙinta in an ƙona yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ba ya tsayawa kan mai ƙonawa shi kaɗai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Ku alhazai da ƴan kasuwa, kun fi kowa sanin cewa ba a sayen buhun albasa sai an kwance baki an duba har ƙasa. Ku yi wa dutse abin da kuke yi wa albasa. In ya tsallake gwajin gida, a kai shi ofishin ma'adinai na jiha a Tawa, ko cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta CRGM a Yamai, ko sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni. A rubuta wurin da aka ɗauko shi, da ranar, da ko a kwance yake bisa ƙasa ko an ɓamɓaro shi daga jikin fa, domin dutsen da ba a san mahaifarsa ba rabin shaida ne. A tuna kuma, dokar ma'adinai ta 1993 da wadda ta gaje ta a 2022 duka sun tsaya kan abu guda: arzikin da ke cikin ƙasa mallakar ƙasa ne, ba a haƙa ba a fatauci sai da izini. Mai gona yana da gonarsa, amma takardar gona ba takardar haƙa ba ce.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, akwai naku kason. Talakan Buza ko na Keita ba zai biya kuɗin mota zuwa Yamai don dutse guda ba, sai ya tafi wurin wanda ya fi kusa, wanda kuwa ya fi kusa sau da yawa shi ne ɗan damfara. Me zai hana ma'aikatan ma'adinai su riƙa kafa tebur a manyan kasuwanni, ko da sau ɗaya a wata, da gilashin ƙara gani da mayen ƙarfe da ɗan sikeli? Me zai hana malaman makaranta su tara duwatsun yankinsu cikin akwati, kowane da sunansa na Hausa da na Faransanci, yara su taɓa su gani? Gidajen rediyon karkara ma suna da rawar takawa. Kuɗin wannan aiki bai kai na jana'iza guda ta mutanen da rami ya binne ba.

Kada kuma hangen zinariyar nesa ya rufe mana ido ga abin da Allah ya ajiye a ƙofar gida. Farar ƙasar Adar ce ke ciyar da masana'antar siminti ta Malbaza tun shekarun 1960. Jifs ɗin da ake tsinta a tuddan Madawa da Buza da Keita yana shiga cikin simintin nan, kuma da shi ake yin filasta. Akwai fosfat na takin zamani kusa da Tawa, akwai gawayin ƙasa a Salkadamna. Waɗannan ba sa ƙyalli, ba sa sa mutum ya kwana talaka ya tashi attajiri, amma suna nan da gaske, an auna su, an san inda suke. Ɗan kasuwar da ya tsara masu tsintar jifs, ya biya su farashi na adalci, ya nemi izininsa bisa ƙa'ida, ya fi kusa da riba bisa ga wanda ya haƙa rami goma yana bin farin layi. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun fitilarsa ba ta da tsada: guduma, wuƙa, kwalba, lemun tsami, da haƙurin tambayar wanda ya sani. Allah ya ba mu arziki mai albarka, ya tsare mu da wanda zai zame mana nadama. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.